Hutun Haihuwar da Malama Safara'u Ba Ta Nema Ba

Shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta, kuɗin mai na zuba ta ko'ina, aka ɗauki Safara'u koyarwa a wata firamare ta Mairuwa. Rana ɗaya aka ɗauke su da Malam Audi, takardarsu iri ɗaya, albashinsu ɗaya. Ita kaɗai ce mace cikin malamai bakwai, kuma in gaskiya za a bi, ta fi Audi iya aji nesa ba kusa ba.

Da aurenta, kuma ba ta cika shekara a aikin ba ciki ya fito. Doka ta ba mace hutun haihuwa, ta san haka sarai. Layi biyu kawai za ta rubuta ta miƙa wa hedimasta. To, ga inda gizo ke saƙar: hedimastan Malam Rabo ne, aminin mahaifinta, wanda take durƙusa wa ta ce mashi Baba. Cikin kuma na fari. Da wane ido ɗiyar mutunci za ta sanar da Baba cewa haihuwa za ta yi? Ta yi shiru, shi ma bai tanka ba.

Wata Asabar goggonta ta zo ta tafi da ita Yargoje goyon ciki. Ta haihu lafiya, ta yi wankan jego, aka yi arba'in, aka ƙara mata kwanaki ta yi ƙwari. Kafin ta dawo sufeto ya zagayo, ya ga ba malama ba takarda, ya rubuta ta gudu daga aiki.

Ta bi shi ofishin ilimi da jaririya a baya. Ya ce, "Malama, ina kika shiga wata huɗu?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na je gida." Iyakarta ke nan.

Malam Rabo ya yi ta kai da kawo har aka mayar da ita, amma a malamar wucin gadi: ba ƙarin girma, ba fansho. Audi ya sayi babur, ya zama hedimasta a Sabuwa, ya sauke farali. Ita tana nan aji ɗaya tana koyar da baƙi da wasali, albashinta ko rabin nashi bai kai ba. Ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba, amma abin na cinta, wallahi yana cinta.

Da Malam Rabo ya kwanta ciwon ajali ta je gaishe shi. Ya ce, "Safara'u, ki yafe mani. Ni da kaina na rubuta maki takardar hutun nan, sa hannu kawai za ki yi. Kullum na ɗauko in ba ki, sai nauyi ya kama ni."

Ta ce, "Ba komai, Baba. Allah ya yafe mu baki ɗaya."

Ta fito ƙofar gida. Ta zauna bisa dakali ta yi kukan da ta shekara ashirin tana haɗiyewa.