Ƙyanƙyasar Ƙarshe ta Yaya Mai Salwa

Dukkanmu na Allah ne, kuma gare Shi kowa zai koma. Ranar Talata, takwas ga watan nan, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata, wadda unguwa ta fi sani da Mai Salwa, a gadon asibiti, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ni ce ƙanwarta da ke bi mata. Karatuna bai yi nisa ba, amma tun ranar na kasa zama wuri ɗaya, shi ne na ce bari in rubuta ko zuciyata ta lafa.

Yaya, da ke zan yi magana, don ban saba yin zancenki da wasu kina can gefe ba.

Na tuna lokacin da kika fara kiwon salwa a ɗakin baya, har dariya aka yi miki, wai tsuntsun da bai cika tafin hannu ba me za a ci a jikinsa. Mijinki Kafinta shi ya ƙera miki kejin, amma bai taɓa fasa tsokanarki ba. Ya kan ce a gidan nan sai manyan baƙi sun karya kafin mai gida ya ga shayi. Ke kuma ki ce masa, su dai suna saka ƙwai, shi me yake sakawa?

Mata nawa kika ɗora a kan sana'ar nan, ban san iyakarsu ba. Kuma ba kya ba mutum 'yan salwa ki juya baya. Sai kin bi shi har gida kin ga abin da yake ba su. Ina tare da ke ranar da muka shiga wurin maƙwabciyarki mai ɗinki, kika ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda kika ba ta, kika buɗe fiffikensa, kika tarar duk fata ce. Kika ce mata, "Baiwar Allah, kin cika musu ciki amma ba ki ciyar da su ba. Ɗan salwa ba ɗan kaza ba ne, gudu yake yi wajen girma. In bai samu abin gina jiki a makonnin farko ba, kifi da ƙwai da waken soya, gashi ba zai fito ba, ɗan'uwansa zai koma ci." Ta ji haushi. Da yamma sai ga ki da ƙullin abincin da kika haɗa da hannunki, kika ajiye mata a kan keken ɗinki, kika tafi ba ki jira godiya ba.

Haka kika yi wa ɗana lokacin da ya tashi daga doguwar rashin lafiya duk ya zama ƙashi. Ni shinkafa da shayi nake ta ɗura masa. Kullum da safe sai kin zo da dafaffen ƙwan salwa a aljihu, ki ɓare da kanki, ki tsaya a kansa har ya haɗiye. Yau ya fi ni tsawo. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, ke da kika ciyar da kowa, a kwanakinki na ƙarshe ko cokali biyu ba ya wuce miki.

A asibiti kin kama hannuna kin ce, "Akwai ƙwai a injin ƙyanƙyasa. Laraba za su fashe, ki kula min da su." Na ce ki ji da kanki, ke za ki je ki kwashe su. Na so in tambaye ki yadda kike haɗa abincinsu, bakina ya ƙi. Gani na yi in na tambaya, kamar na yarda ke nan ba za ki koma gida ba.

Laraba kuwa suka fashe, gida cike da masu gaisuwa. Babbar 'yarki ce ta ji kukansu ta zo ta raɗa min. Muka kwashe su cikin akwati, muka kunna musu ƙwan fitila don ɗumi, ga su ƙanana kamar babban yatsa. Na buɗe gwangwanin abincinsu, babu komai, ashe sabo kike haɗa wa kowace ƙyanƙyasa. Matan da suka zo gaisuwa suka ji labari, kowa ta kawo nata taimakon. Wannan ta aika a kawo dusa, waccan ta murƙushe shinkafa, wata ta kawo abincin kajinta masu ƙwai. Wallahi duk don ƙaunarki suka yi. 'Yan salwa suka ci, maƙoƙo ya cika, amma kafin Juma'a sun fara tsattsagar yatsun juna, wasu sun kwanta ƙafa ta ƙi ɗaukarsu.

Na san me ya rage, don na ji ki kina faɗa. Yadda ake yi ne ban sani ba. Na sayo busasshen kifi na daka, na niƙa waken soya ɗanye na zuba. Sai zawo. Kowace safiya sai na tsinci wasu a miƙe a kusurwar akwati, in naɗe su a tsumma don kar 'yarki ta gani. In zauna a falo in amsa gaisuwa biyu, in miƙe in koma ɗakin baya, in dawo, in sake miƙewa. Har Gwaggonmu ta riƙe min zani ta ce, "Ke zauna mana! Mutane sun zo dominki, kin tafi kina gaisawa da tsuntsaye." Ban iya gaya mata cewa wannan ce maganarki ta ƙarshe gare ni ba, kuma tana mutuwa a hannuna ɗaya bayan ɗaya.

Kafinta tun da aka dawo daga maƙabarta bai yi wa kowa doguwar magana ba. Ranar Asabar da safe ina durƙushe a gaban akwati, sai na ga inuwarsa a ƙofa. Ya leƙa cikin akwatin ya ce, "Ƙanwata, ƙarasa su za ki yi? Ba haka take yi ba."

Ya naɗe hannun riga. Ya ɗanɗana kifin ya tofar, ya ce gishiri ne ke kashe su, sai an jiƙa an shanya tukuna. Ya soya waken soya a kasko har ƙamshinsa ya juya. Ya dafa ƙwai ya murza a rariya, fari da gwaiduwa. Ya haɗa da ɗan garin masara, ya murtsuka tsakanin yatsunsa, ya ce in har yatsa ya ji tsaki, bakinsu ba zai ɗauka ba. Na ce, "Kai da kake ce musu manyan baƙi?" Ya ce, "Tun da kafaɗarta ta fara ciwo ni nake daka mata. Ta hana ni faɗa wa kowa, wai kar a ce ta tsufa." Daga nan ya juya fuskarsa ga bango.

Yaya, ba zan ɓoye miki ba, kusan kashi ɗaya cikin uku sun tafi. Sauran sun daina cin juna, kuma shekaranjiya na buɗe fiffiken ɗaya na ga gashi ya fara tsirowa. Na yi niyyar in kwashe su zuwa gidana don in rage wa mijinki wahala. Ya ce, "In kika tafi da su, me zai tashe ni da safe?" Sai na bar su. Ni ce nake zuwa yanzu, shi yana dakawa ina tankaɗewa.

Ya Allah Ka jiƙan yayata, Ka gafarta mata kurakuranta, Ka yalwata mata kabarinta Ka haskaka shi. Duk bakin da ta ciyar, na mutum da na tsuntsu, Ka sa a mizaninta. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinta, da 'ya'yanta, da Gwaggo, da matan da ta koya wa sana'a, da duk wanda rashin nan ya taɓa. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa Aljanna ce makomarta, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.