Habboba Ta Shiga Ta Ƙofar Gaba

Umdurman

Ana idar da sallar asuba muka fito, ni da kakata da muke kira Habboba. Kafin yaƙi ne. Ta ji an sayar da gidan da aka haife ta a Khartum, za a rushe a kafa bene, ta ce sai ta gan shi ko da a goye ne.

Mai raksha, wato keke mai ƙafa uku, ya ɗebe mu zuwa tashar bas, yana faɗawa kowane rami.

"Ɗana, ba buhun gawayi ka ɗauko ba!" in ji Habboba.

A bakin gada ɗan sanda ya leƙo bas ɗinmu, ya ga tsohuwa da carbi, ya ɗaga hannu muka wuce.

Suk al-Arabi

A wannan kasuwa muka karya da ful, wato dafaffen wake, da shayi mai na'ana'a, sannan tasi ta kai mu wajen bakin kogi.

Gidan

Jan bulo, dogayen tagogi, rufi mai tsini irin na ƙasar da ƙanƙara ke zuba, ga kuma bututun hayaƙi a samansa. A zafin Khartum! Habboba ta ce Baturen da ya gina shi gidan ubansa na ƙauyen Ingila ya kwaikwaya. Mahaifinta shi ne kukunsa.

Mai gadi ya tare mu. "Ya hajja, an hana shiga."

"Ɗana, a bayan gidan nan aka binne cibiyata."

Ya yi dariya, ya nufi wata ƙaramar ƙofa ta gefe. Habboba ta dogara sandarta.

"A'a. Ta nan na yi ta shiga duk ƙuruciyata. Yau ta gaba zan bi."

Da kafaɗa ya tura ƙofar gaban kafin ta buɗu. Habboba ta gyara mayafi, ta yi bisimilla, ta taka.

Matakalar katako tana kuka, ƙura ko'ina. Ta nuna mana murhun falo: ba a taɓa hura shi ba, tulun ruwa matar Baturen ke ajiyewa a ciki. Mai gadi ya ce ya ji gidan na Ingila yana nan, hukuma ta hana a taɓa ko bulo ɗaya.

"To, shi yana da gata," in ji ta.

Komawa

La'asar ta same mu a gida. Jikoki suka kewaye ta: yaya gidan?

Ta kurɓi ruwa. "Ashe ƙarami ne."

Mun gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya. Mai gadi kuma, da ko sunansa ban tambaya ba, Allah Ya buɗe masa ƙofofin alheri.