Inda Na Bar Mama Saratu

Ranar Asabar ce. Ƙarfe shida da rabi na safe muna zaune a tsakar gida, ni da maigidana Iliya da mahaifiyarsa, Mama Saratu, wadda ta zo Katsina daga Kafanchan aka yi mata aikin ido. Gidanmu ne na ƙarshe a sabuwar unguwa, daga mu sai gonaki. Iliya yana karanta mana labarin bautar Isra'ilawa a Masar, domin ni zan koyar da shi a zumuntar mata. Koko na kan wuta.

Bakwai saura kwata muka ji babura. Sai harbi, uku a jere. Aka banki ƙofa ta faɗo, 'yan bindiga suka shigo.

"Kowa ya kwanta!"

Iliya ya miƙe ya tare gabanmu. Harsashi ya same shi a wuya. Ya faɗi kan tabarma yana shure-shure. Na miƙa hannu gare shi, wani ya take mini yatsu da takalmi. Suka ja mu waje, suka ɗora mu kan babura.

Da la'asar muka isa sansaninsu cikin daji. Tun daga ranar aikinmu daka da ɗebo ruwa. In taɓarya ta tsaya, bulala ta sauka. Mama ba ta gani sosai, da lalube take aiki. Rana ta biyu ta zubar da ruwa, wani ya fasa mata baki da gindin bindiga.

Da bakin nan take addu'a a gindin turmi, ƙasa-ƙasa. "Ya Ubangiji, ka ji kukan waɗancan a Masar. Mu ma ga mu." Ni kam na kasa cewa amin.

Rana ta huɗu da hantsi muka ji rugugin jirgin yaƙi. Ƙasa ta girgiza. Bukkoki suka kama da wuta, masu gadinmu suka watse suna ihu. Na finciki hannun Mama muka gangara rafi. Ƙafafunta sun kumbura. A gindin wata tsamiya ta zube. Na durƙusa zan goya ta. A bayanmu ana harbi, yana matsowa.

"Rifkatu, tafi!"

Na ƙi. Ta lalubo fuskata ta mare ni. Shekara goma sha ɗaya ina gidan ɗanta, ko tsawa ba ta taɓa yi mini ba.

Na ruga.

Bayan azahar wani dattijo manomi ya gan ni cikin dawarsa. Bai tambayi addinina ba. Ya ba ni ruwa, matarsa ta ba ni zane. Washegari ya kawo ni Katsina, ya sauke ni a Ƙofar Sauri.

An binne Iliya ranar Litinin, ban nan. Sau biyu aka je neman Mama, ba a gane wace tsamiya ce ba.

A coci ana ce mini Allah ya fitar da ni. Ina amsawa. Iliya yana da kabari. Mama Saratu ba ta da shi.