Kumburin da Aka Yi Mini Barka a Kansa

Fiye da shekara ashirin ban buɗe baki a kan wannan ba. Jiya ƙanwata mai ciki ta turo hoton ƙafarta a kumbure tana dariya, shi ya sa.

A 2001 ne, muna Agege, cikina na fari wata bakwai. Ƙafa ta fara, sai hannu, sai fuska. Matan gidanmu suna ta cewa ciki ya karɓe ni. Hajiya, uwar mijina, ta ce, "Zaƙi ne, 'yar nan. Sha jiƙon nan ya zube kafin haihuwa."

Ina da digiri a kimiyyar halittu. Na karɓa da hannu biyu na shanye.

Ciwon kai da walƙiyar da nake gani kuwa, ban gaya wa kowa ba. Mai cikin fari ba ta zancen cikinta gaban suruka. Awo ma sau biyu na tsallake, kada a ce ina rawar kai.

Wata Talata da hantsi na faɗi a bakin famfo ina jijjiga. An ce har an kunna turare, wai iska ce. Maƙwabciyarmu Iya Bose ce ta ture kowa, ta tsayar da danfo, bas ɗin haya, sai asibiti.

Awon jini, awon fitsari, allura mai ƙuna. Wata likita ta zauna bakin gadona. "Madam, akwai sojojin jiki da ake haihuwar mutum da su, masu kai hari ba tambaya. Aikinsu su taimaki mabiyiya ta kafu. Muna zaton naki faɗa suka yi da ita, shi ne jini ya hau."

Na ce a raina, ƙasa ta mayar da sojojinta bariki, nawa ba su ji sanarwa ba.

Na tambaye ta me zan yi.

"Babu. Sai mun ciro abin da ke cikin."

Aka yi aiki. Mace ce. Kwana huɗu ta yi a kwalba, ina kwance da robar fitsari, ɗaki biyu tsakaninmu. Ban taɓa ɗaukarta ba. Ba ta kai suna ba.

Sai bayan mako shida jinina ya sauka. Hajiya ce ta yi jinyata, tana ba ni kunu a baki, ba ma haɗa ido.

Alhamdulillahi, na tashi. Iya Bose, likitar nan da ban riƙe sunanta ba, Hajiya, Allah Ya saka muku.

Masu ciki, in fuska ko hannu ya kumbura, in ciwon kai ya ƙi sauka, in ido yana walƙiya, ku je a auna jininku a ranar. Kada ku jira ranar awo. Ku faɗa da baki, ko gaban wa kuke.