Tukunyar da Yaya Bube Ya Kifa

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar wana, Yaya Bube, kuma har yau akwai maganar da ban faɗa masa ba.

Shi ya bar makaranta ya kama lambun mahaifinmu a fadamar Wurno don ni in yi karatu. Na yi, na sami aikin ofis a Sakkwato, na kuma samo girman kai da ya fi takardar tawa nauyi. Zuwana na ƙarshe yana da rai, na tarar iska ta kwantar da irin tumatirin da yake reno a gwangwanaye don masu dashe na Goronyo. Na ce mu tattashe su. Ya ce in bari, da kansu za su miƙe, don tsiro ya san sama ya san ƙasa. Na yi dariya a gaban abokansa, na ce hasken rana kawai suke bi, ɗan firamare ma ya san haka.

Bai yi fushi ba. Ya kwantar da gwangwani guda, ya kifa masa tukunya.

"Nan ciki babu rana, ko? Ka dawo jibi mu ga mi za ya yi."

Jibin a mota ta same ni, a hanyar komawa Sakkwato. Ba mantuwa na yi ba, kunya na guda. Ya kira ni sau biyu, da ya ɗauko zancen tukunya sai in ce ina cikin taro. Wata biyu bayan nan zazzaɓi ya kwantar da shi kwana huɗu, Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu 'yarsa Hadiza tana jami'a, tsirrai take karanta. Da ta zo hutu ta bayyana mini cewa in tsiro ya kwanta, wani sinadari ne ke taruwa a gefen da ke ƙasa, ya sassauta bangon ƙwayoyin wurin har gefen ya fi na sama tsawo. Daga nan kara ya lanƙwaso ya tashi, ko da rana ko babu. Ta ce gefen ƙasan ke yin aikin duka, amma kan da ya ɗago ake kallo. Na kasa haɗa ido da ita. Da babanta yana nan, na san tsokanarta zai yi, ya ce ashe sai an je jami'a ake gano abin da tukunya ta sani.

Bai bar littafi ba, bai bar gini ba. Ya bar lambu, da yarinyar nan, da ni.

Makon jiya na je Wurno, na kwantar da gwangwani mai tsiron tumatir, na kifa masa tukunya, wannan karon na jira. Rana ta uku na ɗaga. Tsiron ya koɗe saboda duhu, amma kansa yana sama.

"Yaya, kai ad da gaskiya," na ce.

Babu kowa a lambun, sai ƙarar injin ban-ruwan maƙwabci. Allah ya jiƙansa, ya yafe mini.