Yadda Na-Sani Ya Juya Rajista

A hawa na biyu, kusa da tagar da ba ta rufuwa, nan teburin mai kula da kwamfutocin ofis yake. Kawunsa ne ya samo masa aikin shekara tara da suka wuce. Ba a yi wata ba aka laƙaba masa Na-Sani, don ba ya barin mutum ya kai aya.

Na-Sani ya raina duk manhajar da wani ya rubuta. Shi sai ya buɗe fayil da hannunsa, ya ƙirga inda kowane harafi yake zaune. Aikin minti biyar kan ci masa yini, kuma a wurinsa wannan ce gwaninta.

Ran wata Talata shugabar ofis ta ce a juya rajistar wasiƙu, layi dubu takwas da ɗari huɗu, sabbi su koma sama. Kujerar shugaban sashe ba kowa a kanta, shi kuwa ya daɗe yana haɗiyar yawu.

"Ƙanena, ka fara yin kwafi," in ji mai buga takardu, wadda ta girme shi da shekara ashirin.

"Yaya, kwafi na matsorata ne. Ke dai ji da shayinki."

"To, Allah ya ba da sa'a. Na ga jiya, na ga yau."

Dabararsa ita ce ya ɗauko layin ƙarshe ya rubuta shi a kan na farko, na kusa da ƙarshe a kan na biyu, duk a cikin fayil ɗaya. Bai tambayi kansa ina na farkon zai tafi ba. Da aikin ya kai tsakiya, abin da ya rubuta da kansa ya riƙa ɗaukowa yana mayarwa.

Ya kira shugaba da fara'a. Ta duba sama, ta yaba. Ta gangara ƙasa, sai ga wasiƙar jiya kuma.

"Ina na shekarun farko?"

"Ranki ya daɗe, ai... suna ciki."

Ba sa ciki. Layi dubu huɗu da ɗari biyu sun tafi.

An ba wata ma'aikaciya kujerar shugaban sashe. Shi kuma aka sauke shi ɗakin ajiya, yana zare tsofaffin wasiƙu daga kwali yana shigarwa ɗaya bayan ɗaya. Zuwa Alhamis ɗin da ta wuce ya kai ɗari shida da goma sha ɗaya. Har yanzu cewa yake kwamfutar ce ta tsufa.