Jan Fenti a Katangar Inna

Gidan kakata, wadda muke kira Inna, yana wata tsohuwar unguwa a gindin duwatsun Dutse. Idan la'asar ta yi, inuwar dutse ce ke fara shigowa tsakar gida, sannan ta dabino ta biyo bayanta. A nan na zauna shekarun da nake karatu a jami'a, domin gidanmu na Kiyawa ya yi nisa da zirga-zirgar kullum. Ɗakin Inna yana manne da katangar waje. A bayansa akwai lungu siriri mai lanƙwashe-lanƙwashe, wanda ko adaidaita sahu ba ta shiga. Da damina lungun kan zama ƙorama. Ruwa ya gangaro daga kan dutse, ya yi ta cin gindin katanga, ni kuwa ina kwance ina sauraronsa kamar mai sauraron hira a maƙwabta. Ina son wannan ƙarar. Inna ba ta sonta, don ita ce mai katangar.

Wata rana da bazara na dawo daga makaranta na tarar da ita a zaure, ba ta ko ɗora tukunya ba. Ta ja hannuna zuwa lungu ta nuna mini bayan ɗakinta. An zana kibiya da jan fenti, da wasu lambobi a ƙarƙashinta. Haka aka yi wa gidaje da dama har ƙarshen lungun. Wai wasu mutane ne suka zo da na'ura mai ƙafa uku da doguwar sanda, suka yi ta leƙe-leƙe, suka shafa fenti, suka tafi.

"To, 'yar boko, karanta mini. Yaushe katafila za ta zo?"

Na ce, "Inna, ba a rubuta katafila ba. Lambobi ne kawai. Bari a tambaya tukuna."

"A tambayi wa? Wanda ya shafa? Ke dai ƙawata, karatunki na cikin littafi ne."

Ba zan ga laifinta ba. Sau ɗaya ta taɓa ganin jan fenti a bango, kuma ya ishe ta. A shekarun da garin ya fara buɗewa, an ja wani babban titi miƙaƙƙe ta unguwar yayarta. A lokacin haka tsarin yake: a zana layi a takarda, duk abin da layin ya hau a shafa masa jan fenti, ya tashi. An ba yayar tata fuloti a bayan gari, ta yi gini mai kyau da bulo, amma ba ta ƙara zama daidai ba. Ba maƙwabciyar da za ta miƙa wa garwashi ta kan katanga, ba rijiyar da ta sani. Inna takan ce ba ciwo ne ya kashe yayarta ba, shiru ne. Ita kuwa a ɗakin nan aka kawo ta amarya, a cikinsa ta haifi babana, kuma ta sha faɗa cewa daga cikinsa za a ɗauke ta.

Washegari ta aika aka kira magini. Dama lokacin yaɓe ne, kowane gidan ƙasa yana gyara katanga kafin ruwa ya sauka, don haka ba wanda zai ce an yi wani abu. Aka kwaɓa ƙasa da ramno a ƙofar gida. Maginin ya tambaya ko duk katangar za a bi.

"Wa ya ce maka duka? Ga inda ke ciwo nan. Rufe mini shi."

Ya ɗebi ƙasa ya manna a kan kibiyar, ya shafe da tafin hannu. Kafin mako ya zagayo, maƙwabta sun ga dabarar Inna. Matar mai shayi ta yi, gidan malamin allo sun yi, har masu katangar bulo sai da suka roƙi ragowar kwaɓin suka shafa. Lungun ya koma kamar ba a taɓa zuwa ba. Inna ta ci tuwonta da daɗi a ranar. A ganinta, abin da ba a gani ba, ba za a rushe shi ba.

Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Na riƙa bin ɗakin da kallo kamar wadda za ta yi tafiya: azarar da hayaƙin turare ya baƙanta, 'yar tagar da hasken safe ke shigowa ta cikinta ya sauka a kan jeren kwanukanta, gurbin da kafaɗarta ta goge a bakin ƙofa. Ban taɓa lura da yawan abin da ɗaki ɗaya ke riƙewa ba sai a makonnin nan.

Ana nan sai mai unguwa ya sa aka yi shela cewa kowa ya hallara a filin firamare, maza da mata. Wannan ma sabon abu ne. Muka je, mata muka zauna a tabarmi ƙarƙashin dalbejiya. Wadda ta tashi yin bayani mace ce mai matsakaicin shekaru, da hular kwano a kan mayafinta, hausarta irin ta wajen Jahun. Ta ce su ba ma'aikatan gwamnati ba ne, kamfani ne na masu ba da shawara kan tsara gari, hukuma ce ta ɗauke su aiki. Ta ce tsari ya canza. Yanzu ba a son tashin tsofaffin unguwanni, gyara su ake so a yi a inda suke: a yi magudanar ruwa, a shimfiɗa lungu, a bi yadda mutane suka riga suka zauna. Kuma ba a fara aiki sai an nuna wa masu unguwa zanen sun gani da idonsu.

Aka shimfiɗa taswira a kan tebur. Inna ta zungure ni. "Tashi ki gano mana."

Na tashi. Na sami masallaci, na sami rijiya, na bi da yatsa har gidanmu. Wani shuɗin layi ya taso daga gindin dutse ya miƙe sambal, ya ratsa ta bayan ɗakin Inna ya yanke kusan rabinsa. Na ce, "Hajiya, wannan layin fa? Ɗakin kakata ne a nan."

Ta dube ni, ta sauke numfashi. "Ƙanwata, wannan lungun ne ya hana ni barci. Ba haka muke so ba."

Ta juya ta yi wa kowa bayani. Sun fara da hoton unguwar da aka ɗauka daga sama, amma dabino da dalbejiya sun rufe lungun, ba a ganin inda yake lanƙwasa. Shi ya sa masu awo suka bi shi da ƙafa, suka sa kibiya a duk inda magudanar za ta karkata ta kauce wa gini, da lambar da ke nuna zurfinta a wurin. Da aka turo masu kwashe lambobin don a zana, sai suka tarar babu ko ɗaya. Masu na'urar kuma sun riga sun wuce wani aiki a Miga, ba za su dawo ba kafin ranar miƙa zane. Dole aka ja layin yadda hoto ya nuna.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa mai unguwa, "ni ban taɓa ganin fentin da ya gudu daga bango ba sai a unguwarka."

Mai unguwa ya gyara rawaninsa yana duban sama. Matan da ke kan tabarma kuwa, ɗaya bayan ɗaya, suka juyo suna kallon Inna. Matar mai shayi ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa.

Inna ta dafa ni ta miƙe. "'Yar nan, kina nufin jan nan ba na rusau ba ne?"

"Iya, na ceton ɗakinki ne."

"To ai sai ku faɗa! Mutum ya zo bayan ɗakina da jan fenti ko sallama babu?"

"Wannan kam laifinmu ne, Iya. Da an fara da sallama."

"Ato." Inna ta gyara zaninta. "Fentinku bai gudu ba. Yana nan, lulluɓe shi na yi. Taso."

Haka taron ya tashi ya bi ta, har da mai unguwa. Da muka shiga lungu sai na ga abin da na yi makonni ina wucewa ban lura ba. Tsohuwar katanga ta koɗe ta yi fari-fari, sabon yaɓen kuwa ja ne mai duhu, kuma ba wanda ya yaɓe fiye da inda kibiyar take. Kowane gida da tabonsa, kamar faci a tsohuwar riga, a jere har ƙarshen lungu. Matar ta tsaya ta riƙe hular kwanonta tana dariya har da hawaye.

Inna ta tsinci sakaina a ƙasa ta fara kankare bayan ɗakinta a hankali. Ƙasa ta riƙa zubowa a kan ƙafarta. Can sai ga bakin kibiyar ya leƙo, ja wur, yana nuni zuwa tsakiyar lungu, nesa da katanga. Kafin azahar kowa ya kankare nasa, ana tsokanar juna, ana cewa Inna ce ta ɗaure kuma ita ta kwance. Wasu lambobin sun ɗan goge, amma an iya karanta su.

Da aka dawo da sabon zanen, shuɗin layin ya daina miƙewa. Ya riƙa karkata yana bin lungu kamar yadda ƙafafun mutane suka saba bi, ya zagaye bayan ɗakin Inna ya wuce. Aikin bai yi sauri ba, an haƙa an bari, an dawo an ci gaba, sai da wata damina ta wuce kafin a gama. Amma ruwan farko da ya sauka bayan nan, ina zaune a bakin ƙofarta da hantsi, na ji shi yana gudu a cikin magudanar, ƙararsa ta canza, ta yi zurfi, ruwan ba ya taɓa bango. Inna tana kan gadonta tana jan carbi. Ba ta tashi ta leƙa gindin katanga ba, karo na farko tun da na san ta.

Da bazara ta zagayo, maginin ya zo yaɓe, wannan karon katangar duka. Ya kai hannu wajen kibiyar, wadda rana ta fara cinyewa, sai muryar Inna ta fito ta 'yar tagar.

"Kai, kai! Zagaye mini wannan. Bar shi ya sha iska."